Kwana Uku A Birnin Atina, Inda Magina Suka Auna Dutse Da Jikin Ɗan Adam

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce gani ya kori ji. Wani aikin ofis ne ya kai ni Atina, babban birnin ƙasar Girka, da na gama abin da ya kai ni sai ya rage mini kwana uku kafin tashin jirgin da zai komo da ni Ikko. Na ce a raina, tun muna makaranta muke ganin hoton wani kango mai ginshiƙai a bisa dutse cikin littattafan tarihi, yau ga ni ga shi, in na koma gida ban hau dutsen nan ba ai na yi abin kunya. To, abin da na gano a kwana ukun nan shi nake so in ba ku labari, domin ya shafi duk wanda ya taɓa gina ɗaki ko ya taɓa kama haya.

HAWAN DUTSE

Sunan dutsen Akrofolis, watau birnin bisa. Yana tsakiyar gari, tsayinsa wajen mita 150 daga bakin teku, kusan duk inda mutum ya tsaya a Atina yana hangensa kamar yadda Bakano yake hangen Dala. Na yi sammako, saboda tun shekarar 2023 hukuma ta ƙayyade cewa mutum 20,000 kaɗai za su hau a yini guda. Duwatsun hanyar sun yi santsi saboda yawan ƙafafun da suka taka su, tilas mutum ya riƙa tafiya a hankali. Da na ratsa babbar ƙofa sai ga ginin a gabana ta hannun dama, rana tana dukansa, launinsa kamar na zuma.

Wannan gini shi ake kira Fartenon. An soma shi a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, aka gama a ta 438, a zamanin shugabansu Ferikilis. Gwanayen ginin su biyu ne, Iktinos da Kalikratis, ga kuma masassaƙi Fidiyas yana duba aikin. Da farin dutsen nan mai sheƙi da ake kira mabul aka yi shi, wanda aka jawo daga tsaunin Fentelikon, tafiyar wajen kilomita 16. Babu siminti babu laka, an dai goge fuskokin duwatsun har suka haɗe, aka ɗaure su da maratayan ƙarfe, aka zuba dalma a kai don kada su yi tsatsa. Tsawon dandamalinsa mita 69.5, faɗinsa mita 30.9. Ginshiƙai 46 ne suka kewaye shi, 8 a gaba, 8 a baya, 17 a kowane gefe in an haɗa da na kusurwa.

Da farko ɗakin gunkiyarsu ne, wadda garin yake amsa sunanta. Daga baya ya zama coci. Bayan Turkawa sun ci dutsen a 1458 sai ya zama masallaci, har aka yi masa hasumiya. A 1687 sojojin birnin Benis suka kewaye Turkawa, suka harba igwa, ta faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki, tsakiyar ginin ta tarwatse. Tun daga 1801 kuma wani Bature, Lod Elgin, ya soma kwashe sassaƙe-sassaƙensa zuwa Ingila, har yau suna Landan, har yau Girkawa suna neman a mayar musu da kayansu. Kango ne ke nan na je gani.

Amma ga abin da ya ba ni mamaki. Na sha tsayawa gindin dogayen benayen nan na Marina a Ikko, in ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo, in ji kamar ni tururuwa ne. A nan kuwa, ko da yake kowane ginshiƙi ya haura mita 10, sai maza uku ko huɗu sun haɗa hannu kafin su rungume shi, ban ji an ƙasƙanta ni ba. Sai na ji kamar na iso gaban waɗansu dattawa ƙarfafa da suka jeru suna jiran baƙo.

ABIN DA DATTIJUWA TA NUNA MINI

Mai yi mana ja-gora wata dattijuwa ce Bagirkiya, gajera, da sanda a hannu. Na matsa kusa na ce, "Mama, me ya sa ginin nan bai tsorata ni ba?" Ta yi murmushi ta ce, "Ɗana, je ka kusurwa ka durƙusa, ka ɗora idonka a kan matakala ta sama, ka duba har ƙarshenta." Na yi yadda ta ce daga bayan igiya, don ba a barin kowa ya shiga ciki. Ashe dandamalin nan da nake tsammani shimfiɗaɗɗe ne yana da ɗan doro, tsakiyarsa ta ɗara gefunansa da wajen santimita 11, kamar rabin taƙi ke nan.

Ta ce in dubi ginshiƙan. Ashe su ma ba a tsaye cak suke ba, duka sun ɗan karkata ciki da kamar faɗin yatsu huɗu. Bugu da ƙari, kowannensu yana raguwa daga gindi zuwa kai, amma a hanya yana da ɗan kumburi wanda bai wuce faɗin yatsa guda ba. Ta miƙe hannunta ta ce, "Ka taɓa ganin damtsen mutumin da ya ɗauki kaya?" Nan take na tuna 'yan dako a kasuwa, yadda jijiyar wuya da ta hannu suke tashi in an aza musu buhu. Dutse ne ba rai, amma an sassaƙa shi yadda zai nuna yana jin nauyin da ke kansa, shi ya sa jikin mai kallo yake gane shi tun kafin hankalinsa ya gane. Ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Wani matashi cikinmu ya ce shi ya karanta cewa an gina wurin da wani lissafi da ake kira awon zinariya. Dattijuwa ta girgiza kai. Ta ce wannan magana ta yaɗu ƙwarai, amma waɗanda suka auna ginin da gaske abin da suka samu shi ne 4 da 9. Watau in ka kasa faɗin dandamalin kashi 4, tsawonsa kashi 9 ne. Haka kaurin ginshiƙi da nisan da ke tsakanin tsakiyar wannan da tsakiyar na kusa da shi, 4 da 9. Haka kuma tsayin fuskar ginin da faɗinta. Kowane sashe ya san ɗan'uwansa, kamar yadda yatsa ya san tafin hannu, tafin hannu ya san damtse.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka komi na wurin daidai jikin mutum aka yi shi. Matakalu uku na ginin kowace ta haura rabin mita, ba mai taka su sai da ƙyar, har sai da maginan suka sa waɗansu ƙanana a tsakiya don masu shiga. Abin da suka ara daga jiki shi ne dangantakar gaɓa da gaɓa, sa'an nan suka ɗaukaka shi gwargwadon girman ɗakin.

Arewa da Fartenon akwai wani ƙaramin gini, Erekteyon, wanda aka yi tsakanin 421 da 406. A barandarsa ba a tsaya yin kwatanci ba, siffofin 'yan mata shida aka sassaƙa suka zama ginshiƙan, rufin yana bisa kawunansu. Kowace ta tsayar da ƙafa ɗaya ta saki gwiwar ɗayar, kamar tsayuwar mai tallar nono da ƙwarya a ka. Masassaƙin ya san wuya ne zai fara karyewa, don haka ya sauko musu da gashi mai kauri ta bayan wuya ya ƙarfafa wurin. Waɗanda ke kan dutsen yanzu kwaikwayo ne. Biyar na ainihi suna sabon gidan kayan tarihi da aka buɗe a gindin dutsen a 2009, ta shida tana Landan, an kuwa bar gurbinta a buɗe.

KAMU DA TAƘI DA GABA

Kashegari na shiga jirgin ƙasa na cikin gari na tafi Fireyus, tashar jiragen ruwan Atina, saboda dattijuwar ta ce akwai wani dutse a gidan kayan tarihinsu da ya kamata in gani. Wani fallen dutse ne karyayye da aka gano a 1985 a jikin bangon wata ƙaramar coci a tsibirin Salamis. An ƙwaƙule masa siffar hannun mutum a miƙe, da siffar hannu daga gwiwa zuwa kan yatsa, da tafin hannu a buɗe, da sawun ƙafa, da sandar awo. Ma'auni ne na magina da 'yan kasuwa fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Na tsaya ina dariya ni kaɗai, har mai gadi ya leƙo. Ai gaba ce da kamu da taƙi da taku, irin waɗanda na buɗe ido na ga ana auna rijiya da ƙyalle da fili da su a garinmu. A lissafin Girkawa yatsu 4 su ne tafi guda, yatsu 16 ƙafa guda, yatsu 24 kamu guda, ƙafa 6 kuwa gaba guda. Ba su koya daga wurinmu ba, mu ma ba mu koya daga wurinsu ba. Ko'ina ɗan Adam yake, ma'aunin da ya fara samu shi ne jikinsa. Bambancin kawai shi ne, su sun zauna sun mai da abin ilmi, aka kuma sami wanda ya rubuta.

Wanda ya rubuta ɗin wani injiniyan sojan Rum ne, Bitrubiyus, wanda ya zo wajen shekara 400 bayan gina Fartenon. Ya wallafa littafi mai kashi goma a kan gini, ya sadaukar da shi ga Sarki Agustas. Shi kaɗai ne littafin gini na wancan zamani da ya iso gare mu cikakke, har wanda Iktinos ya rubuta a kan Fartenon ya ɓace. A ganin Bitrubiyus gini nagari tilas ya cika sharaɗi uku: ƙarfi da amfani da kyau. Kyau kuwa a wurinsa shi ne sassan gini su dace da juna yadda gaɓoɓin mutum suka dace. Ya lissafa cewa fuska kashi ɗaya ce cikin goma na tsayin mutum, kai ɗaya cikin takwas, kamu ɗaya cikin huɗu, ƙafa ɗaya cikin shida. Ya ce in mutum ya kwanta rigingine ya baje hannuwa da ƙafafu, aka kafa tsinke a cibiyarsa aka zaga da zare, kamar yadda ake shata harsashin ɗakin kago, da'irar za ta taɓa yatsun hannu da na ƙafa. Gabar mutum kuma daidai take da tsayinsa.

Har wa yau shi ne ya ba da labarin asalin ginshiƙai iri uku. Na farko, Dorik, irin na Fartenon, an ɗauko shi daga jikin namiji: tun da ƙafa shida ce tsayin mutum, sai aka yi tsayin ginshiƙi ninki shida na kaurin gindinsa. Na biyu, Ayonik, daga jikin mace, ninki takwas, kansa da naɗi biyu kamar gashin da ya sauko gefen fuska, tsage-tsagen jikinsa kamar ninkin zane. Na uku, na Korinti, siririya ce budurwa. Ya ce wata yarinya ce ta rasu a Korinti, mai renonta ta tara 'yan kayanta a kwando ta ajiye bisa kabarin ta rufe, wani tsiro mai faffaɗan ganye ya fito ya lulluɓe kwandon, masassaƙi Kalimakus ya zo wucewa ya gani ya kwaikwaya. Labari ne irin na kaka da kakanni, ginshiƙan Fartenon ma ninki biyar da rabi ne. Amma labarin nan shi ya mallaki magina na Turai shekaru aru-aru.

Da na koma masauki na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na jingina da bango na sa alamar tsayina, na buɗe hannuwa na auna, gabata ta ɗara tsayina da 'yan yatsu kaɗan. Na auna da ƙafata, sai na sami shida da rabi. Mai karatu ma ya gwada ya gani.

YADDA ABIN YA ZAGA DUNIYA

A rana ta uku na bi titin Fanefistimiyu a tsakiyar gari, inda gine-gine uku suke jere: jami'a, da majalisar masana, da tsohon ɗakin karatu na ƙasa, duk da ginshiƙai irin na bisa dutse. Na ɗauka tsofaffi ne aka gyara. Ashe bayan Atina ta zama babban birni a 1834 aka yi su, masu zanensu kuwa wa da ƙane ne daga ƙasar Denmak, Kirista Hansen da Tiyofil Hansen. Watau salon ya bar gida, ya yi yawon duniya, ya komo a hannun baƙi.

Ga yadda tafiyar ta kasance. Wajen 1416 wani malamin Italiya, Poggio Bracciolini, ya ci karo da kwafen littafin Bitrubiyus a wani gidan 'yan zuhudu na San Gal, a ƙasar Suwizalan ta yau, magina na Italiya suka rungume shi. Wajen 1490 Liyonado da Binci ya zana mutumin nan tsaye cikin da'ira da murabba'i, wanda yanzu yake jikin kwabon Yuro guda na Italiya. Shi Liyonado bai yarda da magana haka kawai ba, ya auna mutane, ya ce ƙafa ɗaya ce cikin bakwai, ya kuma sauko da tsakiyar murabba'in ƙasa da cibiya. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta game da shida da rabina. A 1570 Andiriya Faladiyo ya buga littafinsa mai kashi huɗu, ya nuna yadda za a ɗauko fuskar ɗakin ibada a sa wa gidan zama, ya kuma jera awon ɗakunan da ya ga sun fi daɗin zama. Ingila ta ɗauka daga wurinsa. Tomas Jefason, shugaban Amurka na uku, ya gina gidansa a kan wannan tsari, ya kuma zana majalisar jihar Bajiniya bisa kwaikwayon wani tsohon ginin Rumawa da ke Faransa. Kotun ƙolin Amurka da aka gama a 1935 da ginshiƙan Korinti take tsaye. Gidan da aka ajiye kayan Lod Elgin a Landan shi kansa ginshiƙan Ayonik ne a fuskarsa.

Mu ma abin ya iso mana ta hannun Turawan mulki. Duk wanda ya je Badun ya ga ɗakin taro na Mapo a bisa tudu, wanda aka gama a 1929, ya ga jikan Fartenon. Yau kuwa babu unguwar masu hali a Ikko ko Abuja da ba za ka ga ginshiƙan siminti a ƙofar gida ba.

MAGADA IRI BIYU

Abin da na lura shi ne, magadan wannan gado sun kasu biyu. Akwai waɗanda suka ɗauki ginshiƙin suka yar da mutumin. Hitila ya sa mai zanen gine-ginensa, Albert Speer, ya shirya wani zauren taro a Balin wanda zai ci mutum 180,000, da ginshiƙai da ƙubba irin na Rumawa amma an hura su sun zama dodanni, don duk wanda ya shiga ya ji shi ba kowa ba ne. Yaƙi ya hana a gina shi. Kama da wane ba wane ba ne.

Akwai kuma waɗanda suka yar da ginshiƙin suka riƙe mutumin. Wani saurayi ɗan Suwizalan ya hau Akrofolis a 1911, ya yi makonni yana zane, daga baya ya zama Le Kobuziye, ɗaya daga cikin iyayen ginin zamani na kankare da gilashi. Bai kwaikwayi ginshiƙan ba. A 1950 ya fitar da littafin wani ma'auni nasa da ya ɗora bisa mutum mai tsayin mita 1.83, wanda in ya ɗaga hannu zai kai mita 2.26, da shi ya auna ɗakunan babban benen haya da ya gama a Marsiliya a 1952. An soke shi cewa ya manta da mata da yara da gajeru, sukar kuwa tana bisa hanya. Duk da haka tambayar da ya fara yi ita ce ta gaskiya: wane ne zai zauna a ciki?

Wannan tambaya ita na riƙo har cikin jirgi, domin na tuna gidan da nake haya. A ƙofarsa akwai ginshiƙai biyu dogaye sirara kamar karan dawa, da kan Korinti na siminti an shafa musu ruwan zinariya, ba abin da suke ɗauke da shi. A ciki kuwa matakalar bene babu biyu da suka yi tsayi ɗaya, wata taƙi guda, wata taƙi da rabi. Bara mahaifiyata ta zo ganin jikoki, ta yi tuntuɓe a ta bakwai, ta yi wata biyu tana jiyyar gwiwa. Tagar ɗakin girki sai matata ta taka kujera take buɗe ta. Kuɗin da aka kashe wa ginshiƙan nan biyu da ya isa a gyara duk wannan.

Saboda haka ina kira ga masu gini da magina da hukumomin da ke sa hannu a takardun gini: kafin a zaɓi adon ƙofa, a fara auna tsohuwar da za ta hau matakala, da yaron da zai kama ƙarfen baranda, da mai keken guragu da zai shiga asibiti ko kotu. Kakanninmu da suka yi ɗaki da kamu da taku ba su san Bitrubiyus ba, amma ba su taɓa manta wanda zai kwana a ciki ba. Ni dai na yi alkawari, ran da Allah Ya hore mini fili, da ƙafar mahaifiyata za a auna matakala ta fari.